'Yan sintirin unguwarmu: wata takwas ina biya, ga abin da na gani

Mutane sun dame ni da tambaya ko 'yan sintirin da muka ɗauka suna da amfani, musamman 'yan'uwa na wajen Tudun Jukun da Ɗan Magaji da suke shawarar su ma su kafa nasu, to bari in faɗi abin da na gani da idona tunda yau wata takwas kenan ina biyan kuɗina ban taɓa tsallake wata ba sai wannan da muke ciki. Ba zan kama sunan unguwa ko na kowa ba, bayan ganuwar Zariya dai muke, inda gidaje suka fara cin gonaki.

Tsarin ba wuya, kowane gida dubu biyu a wata, mai shago dubu uku, kuma suna ba da rasit. Matasa goma sha biyu ne, suna fitowa ƙarfe sha ɗaya na dare har kiran assalatu, da tocila da usur da gora, biyu daga cikinsu da bindigar toka. Kuma gaskiya sai in ce Allah ya saka musu, don duk wanda ke zaune a gefen Zariya ya san irin barcin da muka riƙa yi tun daga watan Yunin 2021 da aka shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli aka kwashi ɗalibai da malamai, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, kare ya yi haushi kowa ya tashi zaune. Mu kafin su zo sau biyu ana yanke mana wayar transfoma, awaki kuwa ba a magana. Tunda suka fara ba a sake taɓa transfomar ba. Ranar da naƙuda ta kama maiɗakina ƙarfe biyu na dare su ne suka taso mai keke napep daga barci, biyu suka raka mu har bakin titi, wannan ba zan manta ba har abada. In dai gadi ne kawai wallahi kuɗin bai kai aikin ba.

Matsalar ta fara ne da suka samu ofis, wani shago da babu kowa a ciki a ƙarshen layi, mai shi ya ba su kyauta. Da farko benci ne da butar shayi, daga baya sai ga igiya, sai ga dorina a rataye.

Wata biyu da suka wuce aka sace batirin sola na masallaci. Dare na biyu wajen ƙarfe ɗaya na ji ihu, irin ihun da ko a mafarki ka ji sai ka farka, na saka jallabiya na fita. Yaro ne ɗan gwangwan da bai wuce shekara sha bakwai ba, kullum yana wucewa ta ƙofar gidana da kurarsa yana gaishe ni, sun ɗaure masa hannu da ƙafa ta baya sun zura gora sun rataye shi tsakanin benci biyu, fuskarsa na kallon ƙasa, majina da hawaye na ɗiga a siminti, ga dorina an jiƙa a bokiti. Yana ta cewa ni ne, ni ne na ɗauka, don Allah ku sauke ni. Na ce wa kwamandan, Malam don girman Allah ku sauke yaron nan, in shi ne ai safiya na zuwa a kai shi caji ofis. Ya ce Alhaji ka koma ka kwanta, ɓarawo ba ya magana sai ya ji a jikinsa, kuma ai ga shi ya amsa. Da aka tambaye shi ina batirin sai ya kira sunan abokinsa, aka je aka ɗauko wancan daga ɗakin uwarsa, shi ma ya sha duka ya kira sunan wani. Sai da na taso mai unguwa sannan aka kwance su.

Bayan kwana huɗu batiri ya fito, yaron mai gyaran wuta ne da yake da makullin ɗakin ya ɗauka ya kai Sabon Gari zai sayar, mai shagon ya gane tambarin masallaci a jiki ya yi waya. Babu hannun ko ɗaya daga cikin yaran nan. Ɗan gwangwan ɗin har yau yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwasuwa, da hannu ɗaya yake tura kura. Uwarsa mai tuyar awara ce, aka je aka ce sai haƙuri, aka miƙa mata dubu biyar, ta karɓa don ba ta da wanda zai tsaya mata. Ni abin da ya hana ni barci shi ne da kuɗina aka sayi igiyar nan.

Maƙwabcina, dattijo ne mai mutunci kuma an taɓa ɗaukar ƙaninsa sai da suka sayar da gona, ya ce min Malam in ɗanka ne a daji aka kama infoma, za ka ce a lallaɓa shi? Ban yi masa ƙarya ba, na ce zuciyata za ta so a matse shi, ƙila ma ni zan fara ɗaga hannu. To shi ya sa ba a barin mai jin zafi ya yi alƙalanci. Sannan mu da idonmu mun ga abin da duka ke fitarwa, sunaye ne kawai, mutum zai kira duk wanda ya zo bakinsa don a sauke shi, cikin dare ɗaya mun samu ɓarayi uku da suka amsa laifi alhali mai laifin na gida yana barcinsa. Da infoma ake nema da an ɓata dare ana bin hanyar da ba ita ba. Kuma wa ake ratayewa? Ban taɓa ganin an rataye ɗan mai kuɗi ba, kullum almajiri ne, ɗan gwangwan, Bafulatanin da ya kawo nono, baƙon da dare ya yi masa. Mu da muka yi kuka a watan Maris na 2025 da 'yan banga suka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo aka kashe su kan zargi kawai, suna hanyarsu ta komawa gida Kano sallah, ya kamata mu fi kowa tsoron kalmar nan ta ai zargin sa ake.

Na san amsar da ake bayarwa, wai in an kai su caji ofis gobe ka gan su a layi. Akwai gaskiya a ciki, kuma su ma masu kakin ba wankakku ba ne, ai kan irin wannan aka rushe rundunar 'yan sanda ta SARS a Oktoban 2020. Amma doka a fili take, sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtar da kowa, dokar hana azabtarwa da Buhari ya sa wa hannu a 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 kuma ta ce ko yaƙi ake ba uzuri ba ne, kotu ma ba ta karɓar iƙirarin da aka tatsa da duka, wato ko ɓarawon gaske ka kama ka lalata shari'ar da hannunka. Wanda bai damu da dokar boko ba ga hadisi nan a Sahihu Muslim, Hisham ɗan Hakim ya tarar an tsayar da mutane a rana a ƙasar Sham saboda haraji, ya ce ya ji Manzon Allah SAW yana cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa bulala ya sha a Madina saboda ya tsaya kan cewa sakin wanda aka tilasta ba saki ba ne, to ina ga amsa laifin yaron da ke rataye a gora.

Don haka masu tambaya, ku ɗauka, gadin yana aiki, amma kar ku ba su ɗaki mai ƙofa, kuma tun ranar farko a rubuta a gaban mai unguwa da liman cewa duk wanda aka kama a kira mutum biyu na kwamiti nan take, a miƙa shi ga hukuma kafin hantsi, wani cikinmu ya bi maganar har kotu don kar a ce an sake shi, wanda ya ɗaga dorina kuma ya ajiye tocila ya tafi. Mu sai yanzu muke ƙoƙarin gyarawa, gida tara ne suka sa hannu a takardar cikin sama da sittin, wasu har sun daina amsa min sallama da fara'a. Kuɗin wannan watan na riƙe nawa na kai yaron wajen mai ɗori, ya duba ya ce jijiya ce ba ƙashi ba, sai dai asibitin koyarwa na Shika. Ranar Asabar bayan isha'i akwai zaman kwamiti, na roƙi uwar ta bari ya zo ya nuna musu hannun.