Ajin gyaran esi a kwalejin gundumarmu a Amurka: na ƙaru, amma ku san abin da za ku tambaya

Tun da na bar ɗaukar kaya a sito na koma gyaran esi da na'urorin ɗumama gida, 'yan'uwa da ke zaune a nan Amurka suke ta kirana suna tambaya ko kwas ɗin da na yi a kwalejin al'umma ta gundumarmu ya kai a ba shi lokaci. Amsata ita ce ƙwarai kuwa, duk mai hali ya shiga. Sai dai akwai abubuwan da na so a ce wani ya faɗa mini tun ranar farko, kuma kusan dukansu sun shafi kuɗin gwamnati da takardun da ke biye da kuɗin.

Ajin dare na yi, kwana huɗu a mako, daga ƙarfe shida zuwa goma, har wata goma sha ɗaya. Mu goma sha takwas muka fara, mace ɗaya ce a cikinmu. Malaminmu dattijo ne da ya shafe fiye da shekara ashirin yana hawa rufin gidaje kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ba na mantawa da daren da na fara haɗa bututun jan ƙarfe da wuta. Haɗin ya fito sumul, ina ta murna na kai masa. Bai ce uffan ba, ya ɗauki zarto ya tsaga shi gida biyu, ya miƙo mini. Cikin bututun baƙi ƙirin, duk ɓawon ƙuna, domin na manta ban saki iskar naitirojin ta riƙa ratsawa ba lokacin da nake ba shi wuta. Ya ce, "Wannan baƙin da kake gani, shi zai toshe wa mai gida injinsa bayan ka karɓi kuɗinka ka tafi. Sake." Sau biyar na sake a daren. Ta wajen koyarwa dai ba ni da abin cewa sai godiya.

A mako na uku na lura da wata 'yar takardar azurfa manne a jikin injin zuƙe gas, da lamba, da kalmar Perkins. Na duba sai na ga akwai irinta a jikin famfon tsotse iska da manyan mitoci. Na tambayi malam ko sunan kamfani ne. Ya ce a'a, sunan doka ne, kuma duk abin da na ga yana ɗauke da wannan tambari to da kuɗin gwamnatin tarayya aka saye shi. Carl D. Perkins ɗan majalisar wakilai ne daga jihar Kentaki, kuma tun 1984 dokar tallafa wa ilimin sana'a take amsa sunansa, ko da yake tarayya ta fara sa kuɗi a wannan fanni tun dokar Smith-Hughes ta 1917. Wadda ake aiki da ita yanzu a 2018 aka sa mata hannu. Kimanin dala biliyan 1.4 ake raba wa jihohi duk shekara, kuma dole jiha ta miƙa kashi 85 cikin ɗari ga makarantun sakandare da kwalejoji, ta riƙe abin da bai wuce kashi 10 ba don ayyukan jiha, da kashi 5 na gudanarwa. Kuɗin yana da yawa a baki, amma idan aka watsa shi a faɗin ƙasar sai ya zama kamar gishiri a miya. Yawancin abin da ke riƙe kwalejin daga jiha da gunduma da kuɗin makaranta yake fitowa, dokar ma ta ce kuɗin tarayya ƙari ne, ba a maye gurbin na jiha da shi. Wata rana muna cikin aiki wata ma'aikaciya ta shigo da jerin lambobi a hannu, ta bi injinan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Wallahi abin ya burge ni. Mita ɗaya ta rasa, ba ta bar ɗakin ba sai da aka gano ta a cikin kabad.

Inda kwalejin ta gaza mini shi ne wajen rajista. An ba mu fom mai tambayoyi: kai kaɗai kake riƙe da yara? Turanci ne harshenka na farko? Ka daɗe ba ka da aiki? Kana da naƙasa? Baƙo a ƙasar nan yana taka-tsantsan da irin waɗannan tambayoyi, don haka na tsallake rabinsu, kuma babu wanda ya ce mini me ya sa. Sai a wata na bakwai matar nan ta ajinmu, wadda ke riƙe da yara biyu ita kaɗai, take gaya mini cewa ofishin ya biya mata kuɗin jarrabawa ya kuma ba ta aron akwatin kayan aiki. Ashe dokar ta ware wasu rukunin ɗalibai, ciki har da masu koyon Turanci, da masu ƙaramin ƙarfi, da iyayen da ke reno su kaɗai, ta kuma yarda a yi amfani da kuɗin wajen rage musu nauyi kamar na mota da renon yara. Ni kuwa na riga na sayi kayan aikina da kuɗin da muka tara don hayar gida, uwargida ta yi haƙurin wata biyu cur. Da na je ofishin, matar da ke wurin ta yi mini magana cikin mutunci, ta ce na shekarar ya ƙare. Da an yi mana bayani na minti biyu ranar rajista, da ban shiga wannan ƙunci ba. Haka batun fom ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. Ku cike shi ko kuna ganin ba za ku samu ba, domin ban da tallafin Pell da za ku iya samu, wato kuɗin karatu da tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, yawan ɗaliban da ke karɓar Pell shi ne ma'aunin da ake raba wa kwalejoji kuɗin Perkins da shi.

Jarrabawar hukumar kare muhalli, wadda ake kira EPA 608, a nan cikin kwalejin muka rubuta ta. In ba ka da wannan shaida, doka ba ta ba ka damar taɓa gas ɗin esi ba. Sashe huɗu ne, kowanne tambaya 25. An shirya mu sosai, na ci duka a zama ɗaya.

Matsala ta biyu ta injina ce. Biyu daga cikin waɗanda muka koya a kansu masu gas ɗin R-22 ne, wanda aka daina ƙerawa da shigo da shi tun 2020. Sauran R-410A ne. To daga farkon 2025 sababbin esi na gidaje sun koma irin su R-454B da R-32, waɗanda ke iya kama wuta kaɗan, suna kuma da nasu ƙa'idojin aiki. A allo kawai muka gan su. Malam ya ce ya daɗe da rubuta buƙata, amma ba a kashe kuɗin Perkins sai abin ya dace da binciken buƙatu da kwalejin ke yi aƙalla duk shekara biyu, inda ake jin ta bakin masu kamfanoni da malamai da ɗalibai, sannan takarda ta je jiha ta dawo. Na fahimci hikimar, dukiyar jama'a ce, bai kamata kowa ya sayi abin da ya ga dama ba. Amma kasuwa ba ta jiran takarda, kuma ranar da na fara tsayawa gaban sabon inji a gidan wani, hannuna sai da ya yi rawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rahoto. A bangon ofis akwai sanarwa mai nuna cewa yawancin waɗanda suka gama sun samu aiki, kuma ita ce ta ja ni tun farko. Daga baya na gane yadda ake ƙirgawa. Duk wanda ya tara kiredit 12 a fanni guda, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, ya shiga lissafi. Ana duba abu uku a matakin kwaleji: ko ya samu takardar shaida da aka amince da ita, ko yana fannin da jinsinsa bai kai kashi 25 cikin ɗari na ma'aikata ba, da kuma inda yake a zango na biyu na wata uku-uku bayan ya gama. A wannan na ƙarshe, aiki ko wane iri ne ya wadatar, haka ƙarin karatu ko shiga soja. Ni wata biyar na yi bayan kammalawa ina nan a sitona ina ɗaga kwalaye, ina aika takardun neman aiki ba amsa. A rahoton da ya tafi jiha, daga can ya wuce ma'aikatar ilimi a Washinton, ina cikin waɗanda aka ce sun dace. Shi kuma wani abokin karatuna, wanda ya fi mu duka hannu, ya sayi tsohuwar mota ya fara aikin kansa. Jihohi da yawa da bayanan albashi na inshorar rashin aiki suke bibiyar ɗalibai, mai zaman kansa kuwa ba ya fitowa a can. In bai ɗauki wayar ofis ya amsa tambayoyinsu ba, kamar ya ɓace ne.

Ban ce kwalejin ta yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ta shi ta amsa, kuma in ta kasa kai kashi 90 cikin ɗari na mizanin da aka sa mata, sai ta rubuta shirin gyara, don haka dole idonta ya kasance a kan waɗannan lambobi. Amma mai iyali da zai sadaukar da dararen shekara guda, tambayarsa daban ce. Kafin ku biya ko sisi, ku wuce ofis ku nemi malamin fannin da kansa, ku ce masa: cikin 'yan bara, mutum nawa ne yau suke wannan sana'a, a waɗanne kamfanoni, nawa ake biyansu a awa? Namu malamin yana da amsar a wani littafi da yake ajiyewa a aljihun tebur, da sunan kowa da inda yake. Daga wannan littafin ya ciro lambar kamfanin da ya ɗauke ni a wata na shida.

Makon jiya ya aiko mana da saƙo cewa sababbin injina biyu sun iso, an manna musu tambarinsu, kuma duk tsohon ɗalibin da yake so ya zo ranar Asabar da safe a buɗe su tare. Na riga na nemi a canza mini ranar aiki.