Wace manhajar haɗa kiɗa ce ta dace da wayarka?

Duk wanda ya tambaye ni manhajar da ta fi kyau wajen haɗa kiɗa, sai na ce ya miƙo wayar in gani tukuna, domin rabin amsar a jikinta take. Tun 2015 Apple ya fito da wani tsari a iOS 9 mai suna AUv3, wanda ke ba ka damar sayen fiyano ko ganguna ko na'urar gyaran murya daga wannan kamfani, ka ɗora su cikin manhajar wancan kamfanin, su yi aiki tare. Android ba shi da irin wannan tsari da kowa ya amince da shi. Galibi abin da manhaja ta zo da shi, da abin da masu ita ke sayarwa a cikinta, shi ne iyakarka. Don haka mai Android ya fi buƙatar bincike kafin ya saki kuɗinsa.

In iPhone ko iPad ke hannunka, kada ka sayi komai yanzu. GarageBand, manhajar haɗa kiɗa ta Apple, kyauta ce, tana kan iPad tun 2011, tana ɗaukar layukan sauti har 32, kuma tana da Alchemy, injin ƙirƙirar sauti da ba na wasa ba. Ana raina ta ne kawai don ba a biya ba. Inda take gazawa shi ne wajen miksin, wato daidaita layukan sauti su zauna tare: wurin daidaita sautinta ƙarami ne, da zarar kunnenka ya fara buɗewa za ka ji ta matse ka. Amma aikinka ba ya tashi a banza, yana buɗewa a Logic Pro, babbar manhajar kiɗa ta Apple, wadda ta sauka kan iPad a watan Mayun 2023. Ita Logic ta iPad haya ake yi, ba saye ba, kuma ba ta aiki a waya.

Wanda bit ne sana'arsa, wato kiɗan da ake ɗora murya a kai, musamman a Android, FL Studio Mobile nake fara nuna masa. Ta kamfanin Image-Line ce na ƙasar Beljiyam, sau ɗaya ake biya. Da ka buɗe wurin ganguna za ka ga akwatuna goma sha shida a jere. Taɓa na 1, da na 5, da na 9, da na 13 a layin babbar ganga, ka sa tafi a na 5 da na 13, ka danna kunnawa. Shi ke nan, ƙashin bayan kiɗan rawa ya tsaya tun shayinka bai huce ba. Wannan saurin shi ne darajarta. Allon jera amon fiyano ma yana da daɗin aiki, sai dai a ƙaramar waya babban yatsa kan ja amo ɗaya ya sauka a gidan maƙwabcinsa, ba ka sani ba sai ka ji kiɗan ya karkace.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara, domin sunan yana ruɗar mutane. Wannan ba ita ce FL Studio ta kwamfuta da ake gani a sitidiyo ba. Aikin da ka yi a waya yana iya komawa kwamfuta a ƙarasa shi, amma aikin da aka fara a ta kwamfuta ba ya buɗewa a waya. Haka kuma in ka saya a Android, ranar da ka koma iPhone sai ka sake saye. Wasu tarin sautukan ma daban ake biyansu.

Cubasis 3 ta kamfanin Steinberg na Jamus wata duniya ce daban. Ta shigo Android a 2020, kuma tsarinta na sitidiyo ne sosai: layuka a miƙe, teburin miksin na gaske, wurin aika murya zuwa amsa-kuwwa, komai a mazauninsa. In za ka riƙa ɗaukar murya da yawa, babbar murya da 'yan amshi da ƙari a kai, ita ce zaɓina. Sharaɗinta babban allo. A tablet tana numfashi, a waya kuwa kamar ɗinki ne da allura cikin duhu. Wanda bai taɓa haɗa kiɗa ba zai sha wuya a makon farko.

BandLab, wadda aka kafa a Singafo a 2015, kyauta ake shiga, tana aiki a Android da iPhone har da kwamfuta ta intanet. Tana da gyaran murya na kai tsaye da mastarin (gyaran ƙarshe na sautin waƙa) na atomatik, kuma mutum biyu na iya aiki kan waƙa ɗaya ko da ba ƙasarsu ɗaya ba. Ga mawaƙin da ke da bit a hannu, murya kawai zai ɗora, ta wadatar. Amma sai da rajista, ayyukanka suna zaune a rumbunsu, wasu kayan kuma sai mai biyan wata-wata. Ga ƙirƙirar sauti daga tushe, ban ɗauke ta a sahun gaba ba.

Sauran ƙanana ne masu aiki ɗaya. Koala Sampler na ɗaukar kowace irin ƙara ta makirfo, ta yanka ta, ta mai da ita ganga. Ableton Note, ta 2022, littafin ajiye tunani ce ga mai manhajar Ableton Live a kwamfuta, kuma sai a kayan Apple.

Na taɓa ɓata dare guda ina buga ganguna da yatsa a kan allo, duk bugun da na yi sai ya faɗo a makare. Har na fara zargin hannuna. Ashe iyafis marar waya ne a kunnena. Irinsa kan jinkirta sauti da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye, kunne kuwa yana gane jinkirin da bai kai rabin haka ba. Da na sa mai waya, matsalar ta wuce. Saboda haka hedifon mai waya ya riga kowace manhaja a jerin sayayya. Bayansa sai makirfo da ƙaramin akwatin sauti na USB mai haɗa shi da wayarka, in za ka ɗauki murya. A Android jinkirin ya bambanta daga waya zuwa waya, shi ya sa Audio Evolution Mobile ke da nata hanyar magana da akwatin sautin kai tsaye. Ƙarfin waya ma yana da haddi: layuka na yawa za ka ji ta ɗau zafi, sautin na ƙaraf-ƙaraf. Manhajar da ke iya daskarar da layi, wato ta mai da shi sauti tsayayye don rage wa waya nauyi, za ta cece ka a nan.

Kafin ka biya, duba ƙofar fita. Shin tana fitar da WAV mai 24-bit, wato fayil mai cikakken ingancin sauti, ko MP3 kawai? Tana fitar da kowane layi daban, ganga daban, bes daban, murya daban? Duk injiniyan da za ka kai wa miksin abin da zai fara nema ke nan, kuma ba zai tambaye ka a waya ka yi ko a kwamfuta ba. In manhajar na da gwajin kyauta, haɗa ɗan kiɗa na daƙiƙa talatin, ka fitar da layukansa, ka saurare su a hedifon, da sifikar waya, da ta mota.