Kano zuwa Landan da ɗan wata 7: ta Abuja ko ta Alƙahira?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya mana yaro. Kin ce za ki bi maigida Landan daga Kano, ke kaɗai da jariri ɗan wata 7, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka: ki je Abuja ki hau jirgin da zai miƙe Landan kai tsaye, ko ki hau daga nan filin Malam Aminu Kano ki yada zango a Alƙahira, tunda ya fi sauƙin kuɗi. Na bi duka biyun da goyo, ta Abuja da 'yata ta fari, ta Alƙahira da ƙaninta. Bari in ajiye miki su kafaɗa da kafaɗa.

Masu ce miki "hau na kai tsaye kawai" suna magana ne kamar a Abuja kike zaune. Ga mutumin Kano babu wani kai tsaye. Ko ta ina kika bi, tashi biyu ne, sauka biyu. Kano zuwa Abuja kamar awa 1, Abuja zuwa Landan wajen awa 6 da rabi. Kano zuwa Alƙahira awa 4 da 'yan mintuna, daga can zuwa Landan awa 5 da ɗan wani abu. Tazarar zama a sama ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Saboda haka ainihin zaɓin da ke gabanki shi ne inda za ki yi hutun tsakiya: a Abuja, inda wataƙila akwai mai karɓar miki yaro ki yi wanka ki miƙe ƙafa, ko a filin jirgin da ba ki san kowa ba. Akwai ta Addis Ababa ma daga Kano, amma gabas za ki fara nausawa kafin ki juyo arewa, zaman sama ya haura awa 12. Da jariri ba na sa ta a lissafi sai in an rasa waɗancan.

Mu fara da inda Alƙahira ta yi wa Abuja fintinkau, wato tikiti. Tikiti ɗaya ne daga Kano har Landan. Akwatunanki da aka auna a Kano ba za ki sake ganinsu ba sai a filin jirgin Heathrow na Landan. In jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi ya bar ki, kamfanin ne zai nema miki wani. Ta Abuja kuwa, in British Airways za ki hau, tikiti biyu ne na kamfanoni biyu da babu abin da ya haɗa su. Jirgin cikin gida ya makara, asarar taki ce. Duk wanda ya taɓa zaman jira a filin Kano cikin Disamba ko Janairu, hazo ya rufe gari, ya san abin da nake faɗa. Ga maganar awo: tikitin ƙasar waje sau da yawa yana ba da akwati biyu na kilo 23, na cikin gida kuwa yawanci akwati ɗaya ne da bai wuce kilo 20 ko 23 ba, wasu ma ƙasa da haka. Ragowar sai kin biya. Ki haɗa wannan da kuɗin mota da na masauki kafin ki ce ga bambancin farashin, domin ya fi abin da kike gani a waya. Shi yaron, muddin bai cika shekara 2 ba kuma a cinyarki zai zauna, abin da ake biya masa a jiragen ƙasar waje yawanci kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin babba, sai haraji.

Abin da ke rushe wannan fifiko shi ne kwana. Jirgin British Airways da safe yake barin Abuja, don haka ba zancen baro Kano a ranar. Dole ki iso tun jiya, kuma wannan dolen alheri ce. Lokacin tawa tafiyar gidan yayar mahaifiyata na sauka. Tun daga bakin ƙofa aka karɓe yarinyar, ban sake ɗaukarta ba sai don shayarwa. Na ci tuwo da hannu biyu, na yi barci, da asuba ɗan gidan ya tura min kaya har wurin awo. Na shiga jirgin ne da ƙarfina. A tafiyar Alƙahira kuwa, daga lokacin da na yi sallama da masu rakiya a Kano har na ga fuskar maigida, yaron bai bar jikina ba sai 'yan mintuna.

Nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani da kyau, domin ke kaɗai ce, kuma abin da zai fara yi miki ƙaranci hannu ne. Ki ƙiyasta kanki kin sauko daga jirgi, wani lokacin ta matakala zuwa bas: yaro, jakar famfas, ƙaramin akwati, fasfo biyu da takardun shiga jirgi. Kafin jirgi na biyu za a sake bincike. Ki ɗora jaka a kan na'ura, ki fito da fida da madara, a ce ki sauke goyon, ki wuce, ki sake tattara komai mutane na jira a bayanki. Fitsari ya matse ki, wa zai riƙe shi? Salla ta yi, haka. Ana iyawa, na iya, amma sai da dabara. Jakar goyawa ta fi ta ratayawa a kafaɗa, sai dai in bayanki na yaro ne to jakar ta dawo gaba. Ni zani da majanyi sun fi min keken jariri amfani nesa ba kusa ba. Keken ana barinki ki tura shi har ƙofar jirgi, amma ba kullum ake dawo miki da shi a wurin yada zango ba, wani lokacin sai a ƙarshen tafiya. Zani kuwa yana jikinki, shi ne abin goyo, shi ne shimfiɗa, shi ne bargo idan sanyin jirgi ya yi yawa.

Sai dai in yi adalci. Jirgin da ke tashi daga Kano cike yake da namu, 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti da ɗalibai. Ba za ki rasa wata Hajiya da za ta miƙo hannu ta ce "kawo shi nan ki ci abincinki" ba. Ni wata ce ta riƙe min shi har ya yi barci a ƙirjinta, ta ƙi ba ni shi sai da aka fara shirin sauka. A kashi na biyu wannan gatan ya ragu, sai ma'aikatan jirgi, su ma sai in ba sa rabon abinci.

In Alƙahirar kika zaɓa, ki duba tsawon jiran. Ƙasa da awa 2 gudu ne, kuma mai goyo ba ta gudu. Sama da awa 5 yaro ya gaji, ke kin gaji, famfas na ƙarewa. Awa 3 zuwa 4 shi ne daidai: ki canza shi, ki shayar, ki yi salla, ki shimfiɗa zani ya ɗan motsa ƙafa. Ki kula da agogo, Masar tana gaba da mu da awa 1 a lokacin sanyi, awa 2 a lokacin zafi, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin ne. Ingila kuwa lokacinsu ɗaya da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni suna baya da awa 1. Barcin yaro ba zai birkice ba ta kowace hanya.

Yanzu ɗan gadon nan da ake maƙalawa a bangon da ke gaban kujera, wanda suke kira basinet. A manyan jirage masu hanya biyu a ciki ake samunsa, ƙananan masu hanya ɗaya galibi ba su da shi. Abuja zuwa Landan babban jirgi ne, in kin samu gadon kusan duk tafiyar hannunki a sake yake. Ta Alƙahira ki tambayi irin jirgin da ke kowane kashi, domin tana yiwuwa awa 4 ɗin farko duk a cinya za a yi su. Gadon ba ya zuwa da kansa. Da zarar an yanki tikiti ki kira kamfanin ki nema, ki sake tunatarwa wurin awo, don 'yan kaɗan ne. Kamfanoni da yawa suna tsayar da iyaka wajen kilo 10 ko 11, amma ba kowane kamfani ke yarda ɗan wata 7 ya shiga ba, ki tambaya, kuma in dogo ne ƙafa ta tokare. Kuma kada ki ɗauka shi ke nan kin huta: da zarar fitilar ɗaura bel ta kunnu za a ce ki fito da shi, ko da yanzu ya samu barci bayan awa guda kina jijjiga. Haushi kamar ki yi kuka. Amma ki fito da shi ɗin, ki sa masa ƙaramin bel da ake sarƙafawa a naki. A Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa mummunar gargada, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata, sai a Bangkok aka sauka. Gargada ba ta sallama. Haka nan wajen tashi da sauka ba a yarda yaro ya zauna a goye ba.

Maganar kunne kusan kunnen doki ce, tunda sauka biyu ce ko'ina, sai dai ta Abuja akwai dare guda a tsakani, ta Alƙahira a yini ɗaya za a yi su. Sauka ta fi tashi ciwo, saboda iskar cikin jirgi tana ƙara nauyi tana danna dodon kunne, haɗiya ce ke buɗe hanyar da ke daidaita shi. Jirgi yakan fara gangarowa kamar minti 30 kafin ya taɓa ƙasa, to lokacin ne za ki ba shi nono ko fida. Wajen tashi kuwa, kuskuren da na yi da ta fari shi ne na fara shayar da ita tun jirgi na ja da baya. Muka daɗe a layi, ta ƙoshi ta saki, lokacin da ake buƙatar tsotson ta ƙi karɓa. Ki jira sai jirgi ya ɗauki gudu. In yana mura ko ciwon kunne, likita ya gan shi kafin ranar. Kuma duk wadda ta ce ki ba shi maganin barci, ki ce mata kin gode. Phenergan da wasu ke bayarwa an hana shi ga yaron da bai kai shekara 2 ba, yana iya danne numfashi.

Mai shayarwa ta huta da rabin wahalar nan, mayafi kawai take buƙata da yawan shan ruwa, don iskar jirgi busasshiya ce. In madarar gwangwani yake sha, to Abuja ta ƙara maki, domin bincike ɗaya ne kafin doguwar tafiyar. Dokar nan ta mililita 100 ba ta hau kan abincin jariri ba in yana tare da ke, amma a kowane wurin bincike sai an duba, kuma jami'i da jami'i sun bambanta. Ki auna garin madarar tun daga gida, kada ki haɗa da ruwan famfon banɗakin jirgi, wadda aka haɗa kuma ta yi awa 2 a zubar. Tunda maganar abinci ta zo: kilishi, dambun nama da man shanu da za a cusa miki a akwati don maigida, Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga irin ƙasashenmu. Madarar jariri ta gari an yarda har kilo 2, in tana rufe a gwangwaninta.

Takardu iri ɗaya ne. Fasfonsa da bizarsa daban, katin rigakafinsa, katinki na rigakafin cutar shawara (shi sai wata 9 ake yi masa). Ki ƙara da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da wasiƙar amincewar babansa. Mu sunan ubanmu muke riƙewa bayan aure, sai jami'in shige da fice ya ga sunanki daban na yaro daban, kuma uban ba ya wurin. Takardar haihuwar ce ke gajarce zancen.

Famfas ki lissafa ɗaya duk awa 2 zuwa 3, ki ƙara na makara. Ta Alƙahira jakar ta fi nauyi kenan. Kaya kala uku nasa, kala ɗaya naki. Wannan na ƙarshen da tsada na koye shi. Saura kamar minti 20 mu sauka Landan, fitilar bel a kunne ba damar tashi, yaron nan ya yi wani ɗan nishi, na ji ɗumi yana bin cinyata. Shi na canza shi bayan mun sauka. Ni kuwa da zanin goyo na ɗaure kan abayar na bi layin shige da fice, ina ta kawar da kai.

To ga nawa ra'ayin. In kina da gidan da za ki kwana a Abuja da wanda zai kai ki filin jirgi, kuma ƙarin kuɗin ba zai karya maigida ba, bi ta Abuja, ki baro Kano da jirgin safe tun jiya don ko an ɗage shi kina da na yamma. In otal za ki sauka ke kaɗai, ki yi ta jan akwati huɗu da goyo tsakanin tasi da ɗaki, to Abujar ta rasa abin da ya fifita ta. Hau daga Kano, 'yan'uwa su auna miki kaya, ki zaɓi ranar da jiran Alƙahira yake awa 3 zuwa 4, ki nemi gadon a kashi na biyu. Ki gaya wa maigida ya taho Heathrow da rigar sanyin yaro a hannu. Allah Ya kai ku lafiya.