Gargaɗi ga iyaye: a kula da masu tallan kayan wasan girki na yara a WhatsApp da Instagram

Assalamu alaikum iyaye mata da maza, musamman masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan mata na WhatsApp da shafukan Instagram da TikTok, da sunan sayar da kayan wasan girki na yara: 'yan tukwane, ɗan murhu, da abincin wasa irin su karas, tumatir, ayaba, kankana, ƙwai da kifi, waɗanda yaro zai riƙa yankawa da wuƙar katako. Ni malamar ajin nazare ce a Kano, kuma iyayen ɗalibaina ne suka kawo min kayan na juya su na duba. Wasu sun biya ba su ga komai ba. Wasu kuma an kawo musu, kuma abin da aka kawo ɗin ne ya fi tayar min da hankali.

Tallan yana da daɗin ji. Za a sa bidiyon wata 'yar Baturiya tana yanka ayabar katako a kicin ɗinta na wasa, a rubuta a ƙasa cewa katako ne zalla, fentinsa ba guba, irin na tsarin koyar da yara na Montessori ne, kuma zai koya wa yaro son kayan lambu da 'ya'yan itace. Wannan na ƙarshen ne ke kama zuciyar uwa, domin wace uwa ce ba ta fama da yaron da ba ya son komai sai biskit da taliya? Tunanin ma ba laifi ba ne. Yaro yana sabawa da abin da yake wasa da shi, kuma mu ma da tuwon ƙasa da miyar ganye a gwangwanin madara muka fara koyon girki. Wannan kyakkyawar niyyar tamu ce suka mayar jari.

Ga yadda suke yi. Farashin bai kai rabin na kasuwa ba, amma wai oda ce daga Chana, sai an biya tukuna kaya su taso, sati shida su iso. Kullum "saura mutum biyar a rufe". Idan kin nemi lambar asusu, sunan da zai fito daban ne da na shagon, daban da na mai maganar. Kina tambaya ta ce ai na ƙaninta ne, nata yana da matsala. Bayan an tura kuɗi sai a shiga karatun uzuri. Kaya suna kan ruwa. Dala ta tashi, kowa ya ƙaro wani abu. Kwastam sun riƙe kwantena a Legas, a haɗa na fito da ita. Sannan kuɗin mota daga Legas zuwa Arewa. Abin da ya sa mutane ke haƙuri shi ne duk waɗannan abubuwa suna faruwa da 'yan kasuwa na gaskiya, kayan jirgin ruwa kan yi wata guda zuwa biyu a hanya, don haka ƙaryar tana tafiya a inuwar gaskiya. Ranar da ƙorafi ya yi yawa sai a kulle zauren ya zama ita kaɗai ke iya magana, a cire masu yawan tambaya, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shafin Instagram ɗin yana nan, an dai canza masa suna da hoto, ya koma tallan kayan Sallah.

Abin da ya fi min ciwo a tsarin nasu shi ne yadda suke amfani da fuskar mutanen kirki. Ba su ne ke zuwa wurinki kai tsaye ba. Sukan nemo mace mai mutunci a unguwa ko a Islamiyya ko a wurin aiki, su ce ta zama wakiliya, kowane saiti da ta samo wa mai saye tana da ladanta. Odar farko, wadda ba ta da yawa, sai su kawo mata kaya masu kyau a kan lokaci. Ita kuma da zuciya ɗaya ta sa a sitatus, ƙawaye da dangi su tura kuɗi ta hannunta saboda sun yarda da ita. Oda ta biyu, mai yawan, ita ce ba ta dawowa. Wata Maman ɗalibata haka ta faru da ita. Yanzu daga albashinta take biyan mutane kaɗan-kaɗan, kuma har facalarta ta daina gaishe ta. Zamba cikin aminci ke nan, an cuce ta an kuma sa ta a bakin duniya.

Yanzu ga waɗanda aka kawo wa kaya. Saitin da na duba ya zo ne a leda, ba kwali, ba sunan kamfani, ba adireshi, ba bayanin shekarun yaron da ya dace da shi. Ana buɗewa wari ya bugi hanci, irin na fenti da ƙonanniyar roba. Mafi yawansu ba katako ba ne, roba ce sirirya wadda da na matsa tumatirin da yatsa biyu ya dare, bakin darewar kuma da kaifi. 'Yan kaɗan ɗin da suke katako, na jiƙa farin ƙyalle na goga a jikin karas ɗin, ƙyallen ya fito ruwan lemo. Na sa farce a tsakiyar ayabar, wurin da ɓari biyun ke haɗuwa, sai ga ɗan maganaɗisu ya faɗo a tafin hannuna, bai kai ƙwayar wake ba, gam kaɗan aka ɗiga aka manna shi. A cikin saitin akwai inabi da ƙwan wasa ƙanana waɗanda za su shige bakin ɗan shekara ɗaya ba tare da wahala ba.

Ku tuna, wannan kayan wasa ne da aka yi shi da kamannin abinci. Yaron da ya ga ayaba baki zai kai, ba ruwansa da ta gaske ce ko ta wasa.

Maganaɗisu ɗaya idan yaro ya haɗiye yakan iya fita ta bayan gida. Biyu ko fiye su ne masifa, domin suna janyo juna daga lungu biyu na hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya huje, kuma da farko alamar ba ta wuce ciwon ciki da amai, abin da uwa za ta ɗauka shawara ce ko fitar haƙori. Ɗan murhun da ke kunna wuta da ƙara kuma, a duba wurin batirinsa. Idan irin zagayayyen batirin nan ne mai kama da kwabo, kuma murfinsa ba a ɗaure da noti ba, a raba yaro da shi yau. Idan ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona ta cikin awa 2. Duk wanda ake zargin yaronsa ya haɗiyi ɗaya daga cikin waɗannan, a wuce asibiti a yi hoto nan take. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai.

Sai batun fenti. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara. Waccan daga niƙan duwatsun zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira mai aminci. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da fahimta a hankali, ba tare da an ga ciwo a fili ba. Fenti mai araha, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, shi ne aka fi samun dalma a cikinsa, kuma su ne launukan ayaba, tumatir da karas. A 2007 babban kamfanin nan na Amurka, Mattel, sai da ya janye kayan wasa kusan miliyan 1 na reshensa mai suna Fisher-Price daga kasuwa saboda dalma a fentinsu. Wannan kamfani ne mai suna da adireshi da masu sa masa ido. To ina ga kayan da suka zo a leda, ba a san wanda ya yi su ba? Ido ba ya ganin dalma, hanci ba ya jin ta, sai a ɗakin gwaji ake ganewa. Shi ya sa fentin da ke zuba a jiƙaƙƙen ƙyalle ya isa dalilin a hana yaro tsotsarsa.

Kada rubutun jikin talla ya ruɗe ku. Na ga wata ta rubuta wai NAFDAC ta amince da kayanta. Aikin NAFDAC abinci ne na gaske, da magani, kayan shafa, ruwan leda da sinadarai. Ingancin kayan wasan da ake shigowa da su yana hannun SON ne, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, ta tsarinta na tantance kayan waje mai suna SONCAP. Sunan Montessori kuma na wata likita ce 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, kuma yau kowa na iya liƙa sunan a jikin hajarsa. Haka tambarin CE, mai nuna an cika ƙa'idojin Turai, kowane mai injin buga takarda zai iya buga shi. Tambarin da nake so ku nema da gaske shi ne jan da'ira mai fuskar jariri da lamba 0-3 an ja layi a kai, ma'ana ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne. Akwai kuma gwajin gida mai sauƙi: duk abin da ya shige cikin kwalin tsakiyar tishu ya yi wa ƙaramin yaro ƙanƙanta. Ma'aunin da masu gwaji ke amfani da shi faɗinsa santimita 3.17 ne, kwalin ya ɗan fi shi faɗi, don haka kin ma fi su taka-tsantsan.

Ba cewa nake duk mai sayar da kaya ta waya ɓarauniya ba ce, kuma ba duk kayan Chana ne marasa kyau ba. Masu kyan ma yawanci daga can suke zuwa. Mata da yawa da wannan sana'ar suke rufa wa kansu asiri. Amma mai gaskiya ba za ta ƙi kiran bidiyo ta nuna miki kayan a hannunta ba, ba za ta ji haushi don kin ce a biya idan kaya sun iso ba, kuma sunan asusunta ba ya saɓa wa nata. Ki ɗauki hoton tallan ki sa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Idan ya fito a shafukan wasu ƙasashe, ba ita ta ɗauka ba. Wanda yake kusa da kasuwa kuma ya taka ya je Sabon Gari ko Ƙofar Wambai ya taɓa, ya shinshina, ya matsa da hannunsa kafin ya biya. Kafin nan, ludayi, ƙoƙo, murfin tukunya da lemo guda babba sun ishi ɗan shekara biyu girki na yini guda.

Wadda ta riga ta tura kuɗi, kada kunya ta sa ta yi shiru, shirun ne ke ba su damar komawa wani zauren. Ta adana rasit, da hoton duk hirar, da lambar asusun da sunan da ya fito, kafin a goge. Ta je bankinta da wuri ta shigar da ƙorafi a rubuce ta karɓi lambar ƙorafin, domin kuɗin ba sa daɗewa a asusun farko. Idan sati 2 ya wuce banki bai yi komai ba, ana iya kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya (CBN). A kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, a kuma sanar da FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Mu a Kano muna da tamu hukumar ta jiha. Idan kun kai ku da yawa a zaure ɗaya, ku haɗa takardunku ku tafi tare da wakiliyar, domin ita ce ke riƙe da mafi yawan shaida.

Wadda kuma kayan suke gidanta, don Allah ta tattara su yanzu, ta duba ƙarƙashin kujera da gado ko wani maganaɗisun ya riga ya faɗi. Kada a bai wa 'ya'yan maƙwabta ko 'yar aiki ta kai wa ƙannenta, kada kuma a ƙona a tsakar gida yara su shaƙi hayaƙin. A ware guda ɗaya ko biyu a ɗaure a leda a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa, saboda hukuma za ta nemi ganin samfur idan aka kai ƙara.