Nutso da kifin shak: inda ake ba su abinci ko inda ba a bayarwa?

Ana yawan tambayata wanne ya fi. A ruwan tsibirin Beqa na ƙasar Fiji, masu nutso kan durƙusa bayan katangar duwatsu, ma'aikaci ya miƙa wa shak kan kifin tuna, ga su dab da kai. Ganinsu kusan tabbas ne. Damuwata ita ce shak kan saba ganin mutum tare da abinci, dalilin da ya sa jihar Florida ta Amurka ta haramta ciyarwar a ruwanta a 2001. A Bahar Maliya ta Masar ba a ciyarwa, kuma ya fi araha, amma kana iya dawowa ba ka ga ko ɗaya ba.

Mai ɗaukar hoto da hutunsa gajere ne, Beqa ta dace da shi. Mai haƙurin jiran ganin ɗabi'arsu ta asali, Masar.