Katin memorin tarihin Indiya da Sin: ɓangaren Sin ya biya kuɗinsa, na Indiya sai da malami a kusa

A rumfunan masu caji da turi na kasuwannin Maigatari da Wudil ana samun wani katin memori mai darussan murya 24 da Hausa kan tsoffin daulolin Indiya da Sin, kowane darasi kamar minti 20. MP3 ne, don haka rediyo mai memori da ƙaramar waya duk suna kunna shi. Malaman tarihi na sakandare da masu hirar dare a dandali su ne suka fi saya.

Darussan Sin su ne ƙashin bayan katin. Mai bayanin ya fara da daular Shang da ƙasusuwan duba da aka tono a Anyang, ya zo kan yadda gidan Jo ya kifar da ita wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da hujjar cewa sama ta janye yardarta daga azzalumin sarki. Ya yi kaffa-kaffa a nan, bai fassara "sama" da sunan Allah ba, kuma ya kyauta. Inda ya fi burgewa shi ne kan Cin Shi Huwang, wanda ya haɗe ƙasar a 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya raba ta gunduma 36, ya ɗora jami'an da shi ke naɗawa shi ke tuɓewa maimakon masu gadon sarauta. Mai bayanin ya kwatanta wannan da hakimin da ake turowa daga birni da dagacin da ya gaji gidansu. Ɗan ƙauye ba ya buƙatar ƙarin bayani. Haka batun daidaita ma'auni, da rubutu, da faɗin tsakanin ƙafafun amalanke: duk wanda ya taɓa rigimar mudu da tiya a kasuwar hatsi ya san amfanin abin.

Kuskure ɗaya a nan: mai bayanin ya ce jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta kankama tun zamanin daular Han. Sarki Wu na Han ya kafa makarantar koyar da littattafan Konfushiyas, babban malamin falsafar Sin, a 124 kafin haihuwar Annabi Isa, amma jarrabawar sai a zamanin daulolin Suwi da Tang ta zauna da gindinta, aka soke ta a 1905.

Ɓangaren Indiya ne ke da gyara. Tsohon birnin Mohenjo-daro da magudanan ruwansa na jan bulo sun samu kyakkyawan bayani, haka ma Sarki Ashoka da nadamarsa bayan yaƙin Kalinga, da dokokin da ya sa aka sassaƙa a duwatsu da ginshiƙai. Matsalar tana darasin rabe-raben jama'a. An jero rukunai huɗu daidai: Barahman masu addini, Kashatiriya masu mulki da yaƙi, Waishiya 'yan kasuwa da manoma, Shudura masu hidima. Sai aka ce tamkar maƙera da wanzamai da mahauta ne a ƙasar Hausa. Kwatancen ya yi kusa da jati, wato ƙananan rukunan sana'ar gado masu yawan gaske, amma ya ɓoye batun tsarki da ƙazanta wanda ya shafi wa za ka ci abinci da shi, wa zai taɓa maka ruwa. Waɗanda aka bari a wajen rukunan huɗun ma ba a ambace su ba sam. Ga kuma shekaru: ba a faɗa wa mai sauraro cewa lissafin kafin haihuwar Annabi Isa baya-baya yake tafiya ba, sai yaro ya ɗauka Ashoka ya riga kakansa Candaragupta.

Kafin ka biya, sa mai rumfa ya kunna maka darasin ƙarshe. Jabun kati yakan nuna giga 8 alhali bai kai ba, sai fayilolin ƙarshe su fito babu murya. An kuma sa wa darussan lamba 1, 2, 3 ba sifili a gaba, shi ya sa wasu wayoyin ke tsallakawa daga na 1 zuwa na 10. A mayar da su 01, 02, 03 a sake turawa a jere. In rediyo ya ƙi karanta katin, yawanci ba a tsarin fomatin da ake kira FAT32 yake ba, sai a yi masa wannan fomatin. A kwafe darussan gefe tukuna, don fomatin zai share komai.