Daga León zuwa Santiyago a kan keke: yadda masu shirya tafiyar suka yi da mu

A takardar tallarsu sun rubuta cewa wahalar tafiyar, wato ziyarar ibada da Kiristoci ke kaiwa birnin Santiyago na ƙasar Sifaniya, "matsakaiciya" ce. Wanda ya rubuta wannan, ina jin a mota ya bi hanyar. Ni mutumin Jos ne, na san Hawan Kibo, amma ranar da muka doshi O Cebreiro, ƙauyen da ke kan tsauni wajen mita 1,300 a ƙofar yankin Galisiya, sai da na sauka na tura keken kamar mai tallan itace.

Mu goma sha ɗaya ne, da fasto guda. Kamfanin ya ba mu keke da hular kwano da famfo da kayan faci, ya kama mana masauki, motarsu kuma tana wucewa gaba da jakunkunanmu kullum. Daga León a arewacin Sifaniya zuwa Santiyago kilomita 300 ne da ɗoriya, muka yi su a kwana shida. Dalilin tasowa daga nesa shi ne, mai keke ba ya samun takardar shaidar kammala ziyarar, wadda ake kira Compostela, sai ya yi kilomita 200, mai ƙafa kuwa 100 ta ishe shi. Don tabbatar da nisan da ka yi, ana buga maka hatimi a ɗan littafinka na ziyara a coci, a masauki, har a wurin shan kofi.

Keken ba laifi, giyarsa tana shiga sumul. Birkin baya ne ya ci amanata. A gangaren da ke bayan Cruz de Ferro, gicciyen ƙarfen nan da masu ziyara ke ajiye dutsen da suka ɗauko daga gida a gindinsa, na matse birki na ji wayam. Allah ya kiyaye. Da yamma makanikensu ya sauya robar bai karɓi ko sisi ba, amma ai kafin a miƙa mini keken ya kamata a duba.

Inda suka burge ni shi ne addu'ar safe. Faston ba ya jan zance: Zabura ɗaya, minti goma, sai a hau. Ranar tsaunin nan ya karanta ta 121, mai maganar duwatsu, har wata baiwar Allah daga Kenya ta fashe da dariya. A saman muka tarar da gidajen dutse masu rufin ciyawa, kewayayyu kamar bukkokin ƙauyukanmu, ga wani tsohon coci lulluɓe da hazo.

Abinci kam naman alade ya yi yawa, sai ka faɗa musu tun da wuri in ba ka ci. Daga garin Sarria, inda da yawa ke soma kilomita 100 ɗinsu, masu ƙafa suna cika hanya, ƙararrawar keke ba ta hutawa.

Mun isa babban cocin da ake cewa kabarin Manzo Yakubu yana ciki, muka samu sujadar tsakar rana. Zan sake bin kamfanin, amma da sirdina zan je, nasu ya hana ni zama na kwana uku.